Rasuwar Sarkin Surutu, wadda ta tafi da rabin kalma a baki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya ƙi ɓoyuwa, Baba Masunci yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar 'yar rediyonsa, wadda aka fi sani da Sarkin Surutu. Ta cika ne a kan tagar ɗakinsa, bayan doguwar sumar da ta same ta tana tsakiyar magana.

Marigayiya ta yi shekaru tana gaya masa inda iska ta kwana da inda ta dosa. Bai taɓa tura kwale-kwalensa cikin teku ba sai ya ji ta bakinta. Ya saya mata batir a ranar da gidan ba kuɗin cefane, ya ɗinka mata rigar fata, ya hana jikokinsa ko taɓa eriyarta. Uwargida ta sha cewa da ita ake yi wa wannan hidimar, da ta yi ƙiba.

Ciwon ajali ya same ta a makon da wata guguwa ke haɗuwa can tsakiyar teku. Kullum sai ta faɗi inda ta kai da ƙarfin da ta ƙara, shi kuwa yana zana hanyarta da gawayi a bango. Ranar da ya kamata a san ko za a janye jirage zuwa tudu, sai ta yi tari, shuuu, ƙrrr, ta ce: "Guguwar ta juya, yanzu ta nufi ga…" Daga nan ta sume.

Uwargida ta ce gaɓa take nufi, a je a janye kwale-kwalen. Baba ya rantse gabas za ta ce, wai Sarkin Surutu ba za ta ga masifa tafe gidansa ta yi shiru ba. Maƙwabta suka janye nasu, shi ya bar nasa a ɗaure a bakin ruwa. Ashe gaɓa ce, guguwar ta tafi da kwale-kwalen.

Abin da ya fi yi masa ciwo, da gari ya lafa ya ɗan buge ta a ƙeya, sai ta farfaɗo ta rera tallar sabulu tun daga farko har ƙarshe, ba ko gargada, sannan ta tafi gaba ɗaya. Wannan cin amana har yanzu bai yafe shi ba.

Ta rasu ta bar batir biyu masu zubar da ruwa, da eriya ɗaure da roba, da mai gida wanda yanzu yake ɗinke komar kamun kifin wasu don ya samu na abinci.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bakin teku, daidai turken da igiyar kwale-kwalen ke lilo ita kaɗai. Ba za a haƙa rami ba. Baba da kansa zai wurga ta cikin ruwa, ta je ta nemo masa jirginsa.