Mai Aski da Firijin Gwanjo

Wani ne, mai aski, Allah Ya jarrabe shi da son araha. Mutumin kirki ne wallahi, amma da zarar ya ji an ce gwanjo, sai hankalinsa ya tattara ya bar jikinsa.

Matarsa tana da wani tsohon firiji da ta gada daga mahaifiyarta. Ƙofarsa sai an tokare da kujera. In ya tashi aiki, gurnani yake kamar janareto. Amma yana sanyi, kuma da shi take yin ƙanƙarar da take sayarwa. Ranar da za ta kwashi yara su tafi jinyar yayarta a wani gari, ta tsaya bakin ƙofa da jaka a hannu, ta ce:

"Baban yara, kome ka ga dama ka taɓa a gidan nan. Ban da firijina."

Ya ce, "Haba, me zan yi da wannan gawar?"

"Na dai faɗa maka."

Motarsu ba ta gama fita tasha ba mutumin ya shiga wani shafin gwanjo a waya. Sai ga firiji. Ƙofa biyu, fari sol, har da ɗan famfo a ƙirjinsa. Farashin da aka fara da shi ko kujerar tokarewa ba zai saya ba. Gogan ya lumshe ido, ya hango matarsa ta dawo ta gani, ta saki jaka, ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar ya sayar wa mai kanti maƙwabcinsa tsohon firijin, har da kujerar a kai kyauta.

To ga inda matsalar take. Mutumin nan wayoyi biyu gare shi, ta shago da ta gida. Da can ya buɗe akawun a ta gida, ya manta lambar sirri, ya buɗe wani a ta shago. Daga baya akawun ɗin ta gidan ya farfaɗo da kansa. Shi a wajensa waya waya ce, duk wadda ta yi ƙara ita yake amsawa. Shafin kuwa ba ya nuna sunan mai tayi.

Yana cikin yi wa wani direba aski ya taya firijin da wayar shago. Nan take ta gida ta yi ƙara a aljihu: "Wani ya taya firijin da kake so! Kada ka bari ya wuce ka!"

Ya ce, "Kai! Tun yanzu?"

Ya ƙara kuɗi ta wayar gida. Ta shago ta yi tsuwa: "An fi ka tayi!"

"Lallai ma! Wane ɗan baƙin ciki ne wannan?"

Ya ƙara. Ta gida ta yi kuka. Ya ƙara. Ta shago ta yi kuka.

Direba ya ce, "Malam, rabin kaina fa?"

"Yi haƙuri, direba. Wani mugu ne ya sako ni gaba. Ina ɗaga ƙafa yana saka tasa."

"To ka bar masa mana."

"In bar masa? Mutumin da ko daƙiƙa ba ya ba ni? Wallahi kamar a cikin aljihuna yake!"

Direba ya gaji ya sa hula ya tafi da rabin aski. Mutumin ya ci gaba da gwabzawa da kansa, yana zufa, yana zagin abokin gaba har kakanninsa. Kuɗin tsohon firiji suka tafi. Kilifar aski ta ajiya ta bi su. Madubin shago ma ya bi. Da aka rufe gwanjo, wayar gida ta ce, "Barka! Ka yi nasara!" Ta shago ta ce, "Kash, an kayar da kai."

Ya harare ta, ya ce, "Ke dama kullum a baya kike jin labari."

Ya tura kuɗi.

Ranar da aka ce kaya za su iso, ya kira kafinta ya cire ƙofar gida, don kada firiji ya karce. Ya ɗauko 'yan dako majiya ƙarfi. Maƙwabta suka fito kallo. Can sai ga ɗan aike a kan babur.

Mutumin ya ce, "Ina motar?"

"Wace mota?"

"Ta firiji."

"Ni dai ga abin da aka ba ni. Sa hannu nan."

Ambulan ce. Ya ɗauka rasit ne, ya sa hannu da murmushi, ɗan aike ya ja babur. Ya buɗe. Hoton firiji ne. Ƙofa biyu, fari sol, har da ɗan famfon. A baya an rubuta: A yi amfani lafiya.

Ya leƙa cikin ambulan. Ya zazzage ta. Ya leƙa titi.

Babban 'yan dako ya ce, "Maigida, shi ne wannan?"

Mutumin ya juya hoton, ya sake juyawa.

"To mu dai ɗaukar firiji aka kira mu, kuma sai an biya mu. Ku kama nan, in kama nan."

Suka kama hoton ta kowace kusurwa, suka shiga da shi ɗaki suna nishi. Ɗaya har yana cewa, "A hankali, kada ya bugi bango!"

Da aka watse ya shiga wajen ƙorafi na shafin. Wata na'ura ta tarbe shi da fara'a:

"Sannu da zuwa! Ni ce mataimakiyarka. Kayanka sun iso?"

Ya rubuta, "Hoto aka kawo mini!"

"Amsa da E ko A'a. An kawo maka saƙo?"

"E."

"Ka sa hannu?"

"E, amma..."

"Abin da aka kawo ya yi daidai da hoton da ka gani a shafi?"

"Ai shi ne hoton!"

"Madalla! Mun ji daɗi da ka gamsu. An rufe ƙorafinka. Taurari nawa za ka ba ni?"

Ya buga wayar da katifa, don ko a cikin fushi ya san tsadar gilashi.

Ya nemo lambarsu ya kira. Aka sa masa kiɗa. Wata murya tana ta maimaita masa cewa kiransa yana da muhimmanci ƙwarai a wajensu. Ya yi aski uku da waya a maƙale a kafaɗa, kiɗan har ya fara yi masa daɗi. Can wani ma'aikaci ya ɗauka.

"Yallaɓai, da me za mu taimaka?"

"Firiji na saya, aka kawo mini hoto."

"Ayya. Muna baƙin ciki matuƙa. Turo mana hoton abin da aka kawo maka."

Ya ɗauki hoton hoton ya tura.

Ma'aikaci ya ce, "Yallaɓai, ga firiji muna gani lafiyayye. Kai, har da famfo! Allah Ya sanya alheri."

"Takarda ce! Takarda!"

"Ka jona shi da wuta?"

"Ta ina?"

"Ta baya. Yawanci wayar a baya take."

"A baya rubutu ne. An ce in yi amfani lafiya."

"Ka gani? Mai kayan yana da ladabi. Ka buɗe ƙofar?"

"Bawan Allah, in na buɗe ƙofar nan yagewa zai yi!"

"A'a, kada ka yaga. In kaya suka lalace a hannunka, ba ruwan kamfani. Abin da za ka yi, ka ɗauko mana bidiyo da zai nuna ba ya sanyi. Sashen bincike zai duba."

Mutumin ya jingina hoto da bango. Ya ajiye kofin ruwa a gabansa. Ya kunna bidiyo ya zauna yana gadi. Kamar da gayya, sai hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwan sama. Gida ba ƙofa, don kafinta ya ce ba zai mayar ba sai an sallame shi. Iska ta yi ta kaɗawa har tsakar ɗaki. Da aka ɗauke ruwa ya ɗaga kofi ya kurɓa a gaban kyamara, ya buɗe baki zai ce ga shi nan da ɗumi. Sai haƙorinsa ya amsa.

Ya ce, "Ash! Da sanyi."

Kuma haka ya tura, don bai iya yanke bidiyo ba.

Sashen bincike suka amsa: "Mun kalli bidiyonka. Mun ji ka da bakinka. Muna taya ka murna."

Ya rubuta wa mai kayan kai tsaye. Ya yi roƙo, ya yi barazana, ya haɗa shi da Allah. Mai kaya ya amsa da layi ɗaya: "Sabon firiji sai an bar shi ya huta kafin ya kama aiki." Ya kuma ba shi taurari cike, ya rubuta a ƙasa: "Mai saye nagari, ba ya jayayya a farashi."

Shafin ma bai bar shi haka ba. Ya fara aiko masa da talla: "Tunda ka ji daɗin firijinka, ga injin wanki daga wannan amintaccen ɗan kasuwa!" Wallahi sai da ya tsaya ya duba injin wankin.

Ya sake kira. Aka sa kiɗa. Wannan karon wata mata ce ta ɗauka, muryarta a ɗaure.

"Yallaɓai, gara da ka kira. Mun gano zamba a cinikin nan."

Ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Kun kama shi?"

"Mun kama shi. Akawun biyu ne suka yi ta ɗaga farashin firijin, kuma duka daga ɗaki ɗaya."

"Na faɗa! Na ce akwai munafuki! Wane ne?"

Ta karanto masa lambar waya.

Ya ce, "Wannan tawa ce ta gida. Ni ne mai nasara. Karanto ta mugun."

Ta karanto.

Ya zaro wayar shago ya dube ta, kamar yau ya fara ganinta.

Ya ce a hankali, "Ashe ke ce."

Matar ta ce, "Dokarmu ta hana mutum ya yi takara da kansa. Mun rufe akawun ɗinka duka biyu har abada."

"Mai hoton fa?"

"Shi ba a taɓa kawo ƙararsa ba."

"Ni fa? Tun yaushe nake kawowa!"

"Ba ma karɓar ƙara daga wanda aka rufe wa akawun. Akwai wani abin da za mu taimaka maka da shi?"

Yana ajiye waya saƙon matarsa ya shigo. Yaya ta samu sauƙi, gobe suna hanya. Ta ƙara da cewa ya zuba ruwa a robobi ya sa a firiji, don masu ƙanƙara sun dame ta da kira.

Ya ruga kanti ba ko takalmi.

"Maƙwabci, don girman Allah ka mayar mini da firijin nan. Ko nawa ne zan nemo. Ko askin shekara zan yi maka kyauta, kai da 'ya'yanka."

Mai kanti ya ce, "Ayya, ka makara. Gurnaninsa ya kori mini masu ciniki, na sa shi a gwanjo. Rububinsa aka yi. Wai irinsa an daina yi. Jiya aka zo da mota aka ɗauka."

"Firijin ka ba su? Shi kansa?"

"To me zan ba su?"

"Ai hoto ake turawa!"

Mai kanti ya dube shi da tausayi. Ya jawo aljihun tebur.

"Hoton da na sa a shafin dai na wanko shi. Ga shi, riƙe. Ba sai ka biya ba."

Ya koma gida da hoto. Ya share gurbin firiji tas. Ya samo salatif ya liƙa hotunan biyu a bango, daidai inda firijin yake tsayawa. Ya jera robobin ruwa a ƙasansu, tunda an ce ya zuba.

Washegari da hantsi mai tasi ya sauke su. Matar ta tsaya tana kallon gidan.

"Ina ƙofa?"

"Tana wajen kafinta. Sannu da hanya. Yaya jikin Yaya?"

Ta wuce ciki da jaka a hannu. Ta dubi bango. Ta dubi robobi. Ta sake duban bango.

"Baban yara, ina firijina?"

Ya gyara murya, ya nuna hagu. "Ga tsohon." Ya nuna dama. "Ga kuma sabon da na saya miki. Duba, har da famfo."

Ta matsa kusa. Ta daɗe tana kallon na mahaifiyarta. Ta sa yatsa ta danna famfon sabon. Sannan ta leƙa waje ta ce wa mai tasi kada ya tafi, ta ce wa yara su koma mota.

Ta dawo ta tsaya a tsakanin hotunan biyu, ta gyara ɗankwali, ta riƙe jakarta da kyau.

"Wayarka da caji?"

"Wacce daga ciki?"

"Kowacce. Yi sauri ka ɗauke ni, ka liƙa a tsakiya. Mai tasi yana jira."