Ranar da Na Gyara Rautar Maƙwabci

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a shagon Kawuna ba, ko da kuwa na so in manta, don Kawu ba zai bari ba.

A gidanmu ana ce mini Injiniya. Ba wani digiri ne da ni ba, kwas ɗin kwamfuta na wata uku na yi, amma tunda na taɓa gyara wa Inna rediyo (batir ne aka saka a juye) sunan ya bi ni. Ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

Kawu Sani yana sayar da shadda da atamfa a jerin shagunan da ke kusa da Ƙofar Atiku. Ya sayi sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba intanet ba waya, sai kyamarorin tsaronsa suka daina nunawa. Matsalar mai sauƙi ce. Kowace na'ura tana da adireshinta na lambobi, kyamarorin suna neman rautar a tsohon adireshi, sabuwar kuwa da nata daban ta zo. Sai dai a shiga cikinta a canza.

Na zo da kwamfutata bayan azahar, na zauna a kan dilar yadi ina hura hanci. Na buɗe shafin rautar, na canza lambobin. Da na ga abin ya yi sauƙi da yawa, sai na ƙara da canza mata suna zuwa "Babban Injiniya" (Allah Ya shirye ni). Kyamarori dai ba su nuna komai ba. Na ce wa Kawu a ba ta lokaci ta huce.

Ba a yi minti goma ba sai ga Malam Umaru, mai shagon buga takardu da ke manne da namu.

"Injiniya, don Allah taho ka duba muna. Firinta ta ƙi aiki, yanzun nan kuma lahiya lau take."

A shagonsa na tarar da wani dattijo daga Dundaye, ya ajiye kekensa a bakin ƙofa. 'Yarsa ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, kuma ranar ce ta ƙarshe ta miƙa takardar shaida. Ƙarfe huɗu ake rufe ofis. Takardar tana cikin kwamfutar Malam Umaru, ta ƙi fitowa, uku kuma ta wuce.

"Ɗana, ka taimake ni," in ji dattijon. "Shekara biyu yarinyar ga tana neman wurin nan."

Na duba na ga firinta tana wani adireshi, rauta tana wani. Maimakon in yi shiru in gyara, sai bakina ya buɗe.

"Malam Umaru, wani jahili ne ya shiga rautarka ya dagula maka adireshi. Irin waɗanda suka yi kwas na kwana biyu suke ganin sun iya. Wallahi da ni ne kai, sai na nemo shi."

Malam Umaru ya ce bari ya kashe ta ya sake kunnawa. Ya zare wayar wuta yana kallon jerin sunayen rautocin da wayarsa ta hannu ke kamawa. Ya mayar. Ya sake zarewa. Sai ya juyo mini da wayar.

"Injiniya, mi ya sa in na kashe rautata, Babban Injiniya ka ɓacewa, in na kunna shi dawo?"

A nan komai ya faɗo mini. Watanni baya Malam Umaru ya taɓa ba ni lambar sirrin rautarsa in aika takarda ɗaya, tun daga lokacin kuma duk zuwana shagon Kawu intanet ɗinsa nake sha a ɓoye. Kwamfutata ta saba, ina buɗe ta ta kama rautarsa. Rautocin iri ɗaya ne, shi ma bai taɓa canza lambar shiga da tasa ta zo da ita ba. Ta Kawu kuwa ko taɓa ta ban yi ba.

Kunya ta kama ni, amma tsoro ya fi kunyar, don dattijon agogo kawai yake kallo. Na ɗauko kwamfutata da gudu, na mayar da tsohon adireshin. Da firinta ta yi ƙara ta fara jan takarda, ban taɓa jin sauti mai daɗi irin wannan ba.

Dattijon bai fahimci komai ba. Ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, yana cewa Allah Ya kawo ni a kan lokaci. Malam Umaru ya ce amin, yana kallona. Ya sa aka kai dattijon ofishin a babur, kafin la'asar kuma dattijon ya bugo waya cewa an karɓi takardar. Sai a lokacin na iya zama.

Malam Umaru bai tona ni a gaban dattijon ba. Ya dai roƙe ni in canza masa lambar sirri, sannan ya ce in juya baya kafin ya rubuta sabuwar.

Yanzu kafin in taɓa kowace rauta, sai na duba sau biyu ko ta wa ce. In kuma aka kira ni gyara, ba na zagin wanda ya ɓata sai na tabbatar ba ni ba ne.