Tsintsiyar Daso da Kyamarar Yahuza

"Lafiya lau, sai dai ganinki da ya ɓata mana hantsi," in ji Yahuza, ya tokare ƙofar gidansa na unguwar Wangsa Maju, a Maleshiya.

Daso taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar babansa. Jibi za ta tashi Iskandariyya, can bakin Bahar Rum, ta ɗauko hotunan tsofaffin gine-gine, don malaminta ya ce ba zai karɓi kundin digirinta ba sai da hotunan da ta ɗauka da hannunta. Ga shi ruwan saman garin nan ya kashe mata kyamara. Ta Yahuza kuwa, kai, ko matarsa Hureira sai daga nesa take gaishe ta! Amma Daso ta ɗaura ɗamara, ba za ta sauka benen nan hannu rabbana ba.

"Matsa in wuce, mai kan kwakwa."

"Ina zuwa, 'yar yawon kango? An ce Masar za ki kallon duwatsu. Dala ta yi miki kaɗan?"

"Kai da ko Dalar ba ka taɓa hawa ba sai haki? Ganuwar Kaitabai zan gani, wadda teku ke mari dare da rana ba ta gezau."

"Ai kakana ne ya yi kwaɓin ƙasarta."

"Kakan namu da rumbu ya gagare shi? Akwai kuma ginshiƙin Rumawa, da kaburbura a ƙarƙashin ƙasa."

"Mutane na zuwa shan iska bakin ruwa, ke kina zuwa gaida matattu! Zauna ki kalli dogayen tagwayen benen garin nan mana."

"Gani ya kori ji. Ara min kyamara."

"Me? Baiwa da kyamarar ubangida? 'Yar mace ce ke, ni ɗan namiji. Tapau ɗina, ƙunshin abincina, ya kamata ki riƙa ɗauko min daga gidan abincin mamak."

"Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara."

"Wannan zomon nawa ne, gado na ci!"

Daso ta ji wani sanyi a ranta, don dama a nan take jiransa. Ta ɗaga murya. "Hureira, fito ki yi shaida. Wa ya ce shi ne ubangida?"

"Da bakinsa ya faɗa," in ji Hureira daga kicin, tana ƙunshe dariya.

Sai Daso ta zaro tsintsiya daga cikin hijabi, ta hau sharar bakin ƙofa, fuu, fuu, har kan ƙafarsa.

"Ke, lafiya?"

"Yau goma ga watan Cika-ciki, ranka ya daɗe. Baiwa ta yi shara, saura tukwicin ubangida. Kyamara nake so."

"Wannan al'adar gida ce! Nan Maleshiya ne!"

"Au, bautar ta hau jirgi, sharar ce ba ta da biza? To zaɓi: ko ka biya, ko in buga wa Kawu waya in ce ɗansa ya sauka daga sarauta."

Yahuza ya dafe kai. Baki shi ke yanka wuya. Ya shige ɗaki yana dariyar dole, ya fito da kyamarar, ya rataya mata a wuya da kansa.

"Ungo, annoba. Amma hoton farko naki ne, a gaban ganuwar. Gwaggo ta sayar da gonarta don karatun nan, ta ga inda kika kai."

Idon Daso ya ciko. Ta yi maza ta miƙa masa tsintsiyar.

"Riƙe, ubangida. Rabi na share, ƙarasa kafin in dawo."