Idon Sufeto a Ƙofar Makaranta

"Ni idona idon shaho ne. Ko cikin yara dubu aka cusa jikana, daga tsallaken titi zan nuna shi da ɗan yatsa."

Surukina ke nan, Sufeto, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a falonsa, yana wannan magana yana kallon labule, don a zatonsa can nake zaune. Ni kuwa ina ɗaya gefen, kusa da firji.

Bari in gabatar maka da shi, abokina, don ka san irin zaluncin da aka yi min. Sufeto ya yi aiki a masaƙa, yana duba yadi kafin a naɗe, in ya ga zare ɗaya ya kauce sai ya buga jan tambari. Ya yi ritaya tun tuni, amma har yau ba a samu mai ƙarfin halin da zai sanar da bakinsa ba. Idon kuwa ya riga shi ajiye aiki. Likita ya ba shi tabarau mai kaurin gindin kofi, ya jefa a durowa ya ce na ragwaye ne. Rannan a gabana ya tsaya ya gaida mutum-mutumin da masu sayar da riguna ke rataya wa kaya, har da tambayar iyali. Da bai amsa ba, ya ce yaran yanzu ba su da tarbiyya.

Ɗana ne ya auri 'yarsa. Allah ya ba mu jika guda, ɗan shekara huɗu, muna ce masa Direba saboda duk murfin tukunyar da ya shiga hannunsa sitiyari ne. Iyayensa ma'aikata ne, don haka in an tashi makaranta gidan Sufeto ake kai shi, wurin matarsa Uwargida, sai yamma su biyo su ɗauke shi. Kuma tun da aka sa shi makaranta ni ke ɗauko shi. In rufe shagon turarena, in gyara zaman hula, in tsaya a bakin ƙofa ina ƙamshi. Yana hango ni sai ya taho a guje yana hon da baki, ya daki gwiwata ya ce birki ne ya tsinke. Mu kamo hanya yana tuƙi ina fasinja, a kowace kwana sai na jingina gefe, in ba haka ba a sauke ni. Matan da ke bakin ƙofa kan ce, "Wannan autanka ne?" Ba na gyara musu. Ƙarya ba halina ba ce, amma katse wa mace magana rashin ladabi ne.

To wannan ɗan jin daɗin ne ya tsone wa Sufeto ido, idon da ba ya ganin komai sai abin da ke hannuna. Ya kai ƙarata wurin maman Direba. Wai ina ɗura wa yaro askirim har ba ya cin abincin rana. Wai ina fesa masa turare, yana shigowa gida kyanwa na atishawa. Wai muna tsayawa hira a kowane shago. Ka ji laifuffuka, kamar wanda ya yi fashi. Yarinya mai kunya, ta sunkuyar da kai ta ce min, "Baba, ko za ka ɗan huta, Baba Sufeto ya gwada?"

Ni ne zan huta. Ni da ko furfura ɗaya ba ka gani a kaina, in dai ba ƙarshen wata ba ne.

Na ce, "Ba komai, 'yata. Sai dai ka tafi da tabarau, Sufeto. Yaran makarantar rigarsu iri ɗaya ce, askinsu iri ɗaya."

A nan ne ya yi wa labule jawabin shaho. Ya ƙara da cewa, "Kuma jini ba ya ɓuya, mai turare. Kai da hanci kake aiki, mu da ido."

Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, ga tabarau nan a durowa."

"Ki bar shi ya huta."

Washegari na rufe shago da wuri. Ba wai bin sa na yi ba, kar ka yi min mummunar fahimta. Iska na fita sha, iskar kuma ta fi daɗi a bayan motar mai askirim da ke kallon ƙofar makaranta.

Sai ga shaho ya sauka. Riga ta sha guga, takalmi na ƙyalli, lema a hammata ko gajimare babu, a hannu kuma alawa mai tsinke, faɗinta ya kai tafin hannu. Mutumin da ya kai ni ƙara kan zaƙi ke nan.

Aka kaɗa ƙararrawa, aka buɗe ƙofa, yara suka ɓarke kamar an kwance buhun lemo a gangara. Riga shuɗiya, wando shuɗi, kai kamar ƙwai, duk tsawonsu ɗaya. Sufeto ya tsaya a tsakiya yana ƙanƙance ido, yana juyi. Malamar ajin tana can tana raba faɗa kan gorar ruwa. Ya miƙa hannu cikin taron ya cafko ɗaya.

"Yauwa, ɗan albarka. Ka ga kakanka tun daga nesa, ko?"

Yaron ya buɗe baki zai yi magana, Sufeto ya cusa masa alawa. Yaro ya dubi tsoho, ya dubi alawa, ya yi lissafinsa, ya bi.

Direba kuwa yana tsaye jikin ƙofa da jakarsa, yana kallon kakansa na tafiya da ɗan ajinsu. Wallahi na kira Sufeto. Sau biyu ma. A zuci ne dai, amma da ƙarfi.

Na tsallaka, Direba ya zo ya daki gwiwata. "Kaka Mai Ƙamshi, Kaka Sufeto ya ɗauki fasinjan da ba nasa ba."

"Na gani, Direba. Sabon shiga ne."

Na je na shaida wa malama. Ta dafe ƙirji ta ce ɗan mai walda ne, ta hau neman lambar uban. Na kwatanta mata gidan, na ce ta kwantar da hankalinta, ba zan bari su ɓace min ba, don ni mutum ne mai amana. Muka sayi askirim muka bi su a baya a hankali.

Da a ce gida ya wuce kai tsaye, da abin ya zo da sauƙi. Amma Sufeto ba zai samu jika a hannu ya wuce shagon aski ba. Ya tsaya ya ɗaga yaron mutane ya ɗora kan benci.

"Jama'a, ku dubi hancin nan. Na wane ne?"

Mai aski ya san Direba sarai, shi ke masa aski. Ya dubi yaron, ya hango ni a bayan falwaya ina girgiza masa kai, sai ya haɗiye dariya ya ce, "Naka ne, Sufeto, kamar an yanka an manna."

"To goshin fa? Goshin masu ilimi ke nan. Duk gidanmu ya ɗebo, bai taɓa komai na masu turare ba. Kuma ku ga natsuwa. A hannun wancan, surutu kamar rediyo. Yau ɗaya da ya shigo hannuna, ko uffan."

Yaro na tsotsar alawa, yana gyaɗa kai. Ni ban taɓa ganin ɗan ƙaramin mutum mai sanin inda ribarsa take kamar wannan ba.

A bakin kantin kayan masarufi na ga abin ya isa, kar a ce ban ba shi dama ba. Na sha gabansa riƙe da hannun Direba. Ƙamshina ya fara ji.

"Mai turare? Ka zo leƙen asiri ke nan. To ga shi, kalli yadda ake riƙon jika." Ya sunkuyo ya ƙura wa Direba ido. "Wannan kuma ɗan wa ka samo? An ƙwace maka naka, ka koma aron na mutane?"

Na ce, "Ɗan wasu bayin Allah ne. Ya ka gan shi?"

"Kai, wannan kunnuwa fa? Kamar an bar ƙofofin mota a buɗe. Allah ya ba iyayensa haƙuri, ko daga wane gida ya kwaso su oho."

Abokina, ka taɓa ganin kunnen Sufeto? In yana tafiya iska na kaɗawa, sai ya riƙa tafiya a karkace. Direba ya shafa kunnensa, ya dubi na kakansa, ya ci gaba da lasar askirim. Amma na ga ya ajiye maganar a wuri mai kyau.

Muka isa gida, su a gaba mu a baya. Sufeto ya buga ƙofa da kan lema. Uwargida ta buɗe tana murmushi, "Ina angon nawa, yau an sha ra..." Sai ta tsaya.

"Malam, wannan fa?"

"Wane irin wannan fa? Ba shi ruwa, ya gaji."

"Ɗan wa ka ɗauko?"

"Ke dai idonki ya fara lalacewa. Na sha gaya miki ki je a duba ki."

Yaron ya zare alawa daga baki a karo na farko. Ya leƙa falo, ya dubi Uwargida, ya ce, "Nan ba gidanmu ba ne. Amma akwai wata alawar?"

Sufeto ya ƙanƙance ido. Ya sunkuya har hancinsa na taɓa na yaron, hancin nan da aka yanka aka manna. Ya ɗago ya ce, "To muryarsa ce ta ɗan canza. Sanyin alawa ne."

Daidai nan babur ya tsaya a ƙofar gida. Malama ta sauko daga baya, mai walda ya sauko daga gaba. Mutum ne da in ya tsaya a ƙofa sai an kunna fitila a ɗaki, ga baƙin gilashin aiki a goshi, ga guduma da ya manta bai ajiye ba. Yaron ya ruga ya rungume ƙafarsa.

"Wane ne ya ɗauke min ɗa?"

Sufeto ya gyara murya, ya fuskanci tukunyar gas da ke jingine a baranda, ya ce, "Bawan Allah, ka yi haƙuri, kuskure ne irin na..."

Uwargida ta kama kafaɗarsa ta juya shi. "Ga shi nan ta nan, Malam."

Mai walda ya dubi tsoho, ya dubi tukunyar gas, ya dubi guduma a hannunsa, sai kunya ta kama shi, ya mayar da ita baya. Ya ce, "Baba, ba komai. Amma don Allah gobe in za ka ɗauka, ka ɗauki babban wansa, shi ne ya fi ci."

Na shigo da Direba, na tsaya gefe kamar wanda bai san komai ba. Ban yi dariya ba, ni ba na dariyar mutane. Tari ne ya sarƙe ni har na zauna a ƙasa.

Da yamma aka yi zama. Na sa rai za a mayar min da aikina da ban haƙuri, har na shirya yadda zan ɗan ja aji. Sai Sufeto ya marairaice, ya ce hasken rana ne ya dake shi, a ba shi dama ta ƙarshe. Uwargida ta ajiye masa tabarau a cinya ta ce, "Da wannan, ko ka zauna a gida." Malama kuma ta kafa doka: daga yau ba a sakin yaro sai shi da bakinsa ya nuna wanda ya zo ɗaukarsa. Maman Direba ta ce in gobe ya dawo da yaron daidai, aikin nasa ne. Ka ga rashin adalci, ko? Mutum ya sato ɗan mutane, an ƙara masa wa'adi.

Washegari iska ta sake kai ni bayan motar mai askirim. Sufeto ya iso da tabarau, idanunsa a ciki kamar ƙwai biyu a faranti. Yana ganin duniya a karo na farko cikin shekaru, har ya tsaya yana mamakin yaushe aka yi wa makarantar bene. Iyaye sun cika ƙofa, labari ya riga ya zaga, kowa ya riƙe hannun ɗansa da kyau. Mai walda ma ya zo da wuri.

Malama ta fito da Direba. Sufeto ya gan shi tar, har da kunnuwan, na ga ya ɗan shafa nasa. Ya buɗe hannuwa.

"Direbana. Taho wurin Kaka."

Malama ta ce, "Direba, ka san wannan?"

Zan rantse maka ban koya wa yaron nan komai ba. Askirim ɗin da na ɗaga sama daga bayan mota, duba shi nake yi ko ya narke.

Direba ya dubi Sufeto daga takalmi har hula. Ya girgiza kai.

"Ban san shi ba."

"Kai, ni ne fa. Kaka Sufeto."

"A'a. Kakana ba ya sa tabarau, ya ce na ragwaye ne. Shi idon shaho gare shi."

Sufeto ya yi wuf ya cire tabarau ya cusa a aljihu. "To ga ni, ka gan ni yanzu?" Ya sunkuya da sauri, ya rungumo yaro ya ɗaga sama.

Mai walda ya taɓa kafaɗarsa a hankali.

"Baba, sauke shi. Nawa ne dai, na jiya."