Ranar da na yi wa Inna kuɗi da raƙuma

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da taron da aka yi a unguwarmu cikin shekarar fari ba, lokacin soja ke riƙe da ƙasa.

Mu a Matameye girgizar ƙasa a cikin surar Izazul kawai muka san ta. Amma da manyan motocin kamiyon na hatsin taimako suka fara ratsa tsohuwar unguwa, sai sorayen kakanninmu suka kama rawa. Bangon ɗakin Inna, mahaifiyata, ya tsage har mutum na zura hannu.

Sai ga kumandan ya zo da wani masanin gini daga Yamai. Simintinsu kaɗan ne: ko a tallabe sorayen, ko a gina magazin, wato ɗakin ajiyar hatsi. Baƙon ya ce a aikinsu ana auna kuɗin gyara da darajar rayukan da ke ciki. "To, nawa ne ran mutum a nan?"

Kowa ya sunkuyar da kai (masu hankali ke nan). Ni kuwa da na sha littattafai, nake rubuta wa rabin gari wasiƙa da ajami, na gyara rawani na miƙe.

"Ranka ya daɗe, shari'a ta riga ta yanke. Diyyar namiji raƙumi ɗari."

Da na zauna nan, da na tsira. Amma ilmi ya yi mini ƙaiƙayi. Na ƙara da cewa, "Mace kuwa rabi."

"Su wa ke kwana a sorayen?" in ji baƙon.

"Tsofaffin mata," in ji mai unguwa yana hararata. "Maza sun tafi ci-rani."

Baƙon ya juya ga wani makiyayi ya tambayi kuɗin raƙumi. Mutumin ya yi dariya. "Bana? Ba ni buhun hatsi ka ja biyu. Ɗayan ma ba zai kai ka gida ba."

Kafin in ce ba haka malamai suka nufa ba, an gama lissafi. Siminti ya tafi magazin.

Can bayan zana, inda mata ke saurare, na ji muryar da na sani. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai wannan! Sannu da karatu. Ashe ramammun raƙuma hamsin ne suka haife ka."

Dariya ta ɓarke har da sojan da ke riƙe da bindiga. Na nemi ƙasa ta girgiza ta haɗiye ni, ta ƙi.

Ranar an kawo mini rabin malmalar tuwo. Inna ta ce abin da rabin mutum ya iya tuƙawa ke nan. Bangon kuwa ni na kwaɓa ƙasa na ɗinke shi da hannuna, ga ruwa na tsada, ita tana zaune a inuwa tana nuna mini inda na bari.

Alhamdu lillahi, bango bai faɗi ba. Amma tun daga ranar, kafin in ba da fatawa sai na tambayi abin da za a yi da ita, sannan na leƙa bayan zana.