Yadda Za Ka Auna Nisan Sama Kafin 'Yarka Ta Hau Jirgi

Ina gargaɗinka: ranar da 'yarka ta shigo da tikitin jirgi tana murmushi, barcinka ya ƙare. Ni tela ne, ya faru da ni. Amma ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin babu filin jirgin da zai yi maka rufa-rufa.

1. Kada ka yarda da tikiti.
'Yata Auta ta samu aikin jinya a wani gari. A mota kilomita ɗari bakwai ne, wuni guda. Tikiti ya ce minti hamsin. Duk wanda ya ɗinka maka riga a minti biyar, ka duba hammata.

2. Auna da kanka.
Shimfiɗa taswira a teburin yanka, ka ja tef daga filin jirginku zuwa nasu. Ni inci huɗu na samu. Ƙara ɗaya na kalmasa.

3. Je ka filin da tef a wuya.
Mai sayar da tikiti ta ce ta sama kilomita ɗari huɗu da tamanin ne. Na ce, "Ragowar ɗari biyu da ashirin fa, 'yata?"
"Baba, sama ba kwana."
"To, in yadi bai kai ba, ai a gwiwa wando yake tsayawa. A wane daji za ku sauke mini yarinya?"
Ta kira na bayana.

4. Nemi masani.
Ƙanena direban tirela ne. Ya ce, "Yaya, ko garin ya matso, ko ƙarya suke. Jiya na baro shi, yana nan inda yake."

5. Yi tanadi.
Saka wa 'yarka takalmin doguwar tafiya da tocila a jaka. Tura ƙanenka ya faka daidai inda ɗari huɗu da tamanin suka ƙare, ya zuba wa sama ido. In ta ce, "Baba, don Allah," kai dai ci gaba da cusa kaya.

6. Ranar tafiya, daure.
Mamanta ta ce, "Malam, da tef kake share ido." Gumi ne. Ko shago ban kai ba Auta ta kira: ta sauka, a cikin gari, har ta samu ɗan tasi. Ka tuna ka sanar da ƙanenka. Nawa sai la'asar na tuna da shi, yana can wuyansa ya sage.

Duk wanda ya bi wannan aka yi masa dariya, ko ɗan'uwansa ya daina ɗaga wayarsa, ba ruwana. Na tambayi Auta yaushe za ta dawo, tunda abin minti hamsin ne. Ta ce sai an ba su hutu. Har yau ban san yaushe ake ba ma'aikatan asibiti hutu ba.