Takwarar Hajiya Iyatu

"Ya jikin, amarya?"

"Da sauƙi, in ji 'yan asibiti. Shigo, ragon miji, ka rufe mini ƙofa."

Gafaru ya shiga ɗakin kakarsa, Hajiya Iyatu, a hawa na biyar na wani bene can unguwar Mount Hope. Robar iska na maƙale a hancinta, ta rame sai idanu da bakin nan da bai taɓa mutuwa ba. Likita ya ce da wuya ciwon dajin ya bar ta ta ga sanyin bana. Shi kuwa ranar Juma'a ya kamata ya tashi zuwa tsibiran Papua New Guinea, wata biyu a jirgin ruwan masu bincike. Ya zo ne ya gaya mata ya fasa.

"Na ji za ka kamun dodon koɗi," ta ce. "Shekara ashirin kana makaranta, ashe kayan miyar Asantawa kake karantawa! A Kumasi a tire ake tallansa."

"Wannan ba na miya ba ne, tsohuwa. A ƙasan teku yake, inda rana ba ta kaiwa. Mafarauci ne, ya soki tsutsa da dafi ya haɗiye. Iri-iri ne, da yawansu ko suna ba su da shi."

"To wa ke raɗa musu?"

"Wanda ya gano su."

"Da rago?"

"Da takarda. In na samu mai mugun dafi, haƙori ɗaya, ga nawar tafiya, sunanki zan sa masa."

"Ja'iri! Haƙorana uku."

Ta fara dariya, tari ya ƙwace. Ya tallafe ta har ya lafa, ya ji bayanta duk ƙashi.

"Hajiya, na fasa tafiyar."

"Ka zauna ka tsinana mini me? Ko shayi ba ka iya haɗawa ba. Talabijin ɗina kake jira ka gada."

"Wannan akwatin? Ko a bola ba mai ɗauka." Ya kama hannunta. "In na dawo ban tarar da ke ba fa?"

"Sai ka huta da gori. 'Ya'yana bakwai, jikoki goma sha tara, ba wanda ya mayar wa 'yarsa da sunana. Wai sunan Iyatu ya tsufa, ba ya shiga bakin malaman makaranta. Yau na samu mai yi mini takwara, ko da ƙwaro ne, shi ma zai janye?"

Gafaru ya goge ido, ya yi 'yar dariya.

"Kin ci, tsohuwa. Zan tafi."

Ta laluba ƙarƙashin matashin kai, ta zaro goro biyar a ƙulle cikin hankici, ta danƙa masa.

"Ungo, goron suna. Ranar da ka samu takwarar tawa, ka raba wa mutanen jirgin. Ka ba su haƙuri, ka ce mai sunan ba ta samu zuwa ba."